Ranar da Na Kira Sunan Surukina a Cikin Ƙanƙara

Sau tara motar surukina ta mutu tsakanin filin jirgin New York da ƙofar gidansu. Na ƙirga da yatsuna a ƙarƙashin mayafi. Duk inda danja ta tsayar da mu sai in ji inji ya ɗauke ɗif, ni kuma sai in fara laluben takalmina da ƙafa, don a iya sanina in mota ta mutu a tsakiyar titi, fasinja ke fita ya tura. A karo na uku har na kama hannun ƙofa. Autata, da ke zaune a gaba da cikinta wata takwas, ta waiwayo.

"Inna, ina za ki?"

"Ki gaya wa maigidanki ya samu gefen hanya ya faka. In ba batir ba ne, to fulogi ne."

Bai dube ni ba, haka kuwa ya kamata. Matarsa ya duba. "Ki faɗa ma Mma bai mutu ba. Yana hutawa ne."

"Wa ke hutawa?"

"Motar yake nufi, Inna."

Surukin nawa haifaffen zangon Kumasi ne. Kakansa ɗan unguwarmu ne a Funtuwa, fataucin goro ya kai shi can bai dawo ba. Hausarsu ba ruwanta da mace da namiji, mota "shi", ni ma "shi". Wannan cikin kwana biyu na saba. Abin da ban saba da shi ba har na baro ƙasar, motar ce. Wai sunanta haibirid. Auta ta yi mini bayani: zuciya biyu gare ta, injin mai a gaba, ƙaton batir a ƙarƙashin kujerar da nake zaune, suna karɓa-karɓa. In an tsaya injin ya kwanta, in ana bukatarsa ya farka da kansa ba wanda ya taɓa shi. Makulli ma babu ramin sa shi, maɓalli ake dannawa kamar na rediyo. Na ce to, Allah ya kyauta. Na ɗan ɗage jikina daga kan kujerar.

Kada ku ce me tsohuwa ta sani game da mota. Sunana Kulu, kuma ni mutuniyar ɗaki ce, kafin wannan tafiya Zariya ce iyakata, ita ma ciwo ya kai ni. Amma marigayi Malam, maigidana, bakanike ne, garejinsa a ƙofar gida, katanga ɗaya ce tsakaninsa da murhuna. Shekara talatin da huɗu ina tuƙa tuwo ina sauraron inji. Ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma in mota ta shigo layinmu nakan san ta wane ce, da abin da ke damunta, tun mai ita bai yi sallama ba. Wani lokaci in aiki ya gagari Malam, sai ya jira mai motar ya tafi masallaci, ya matso jikin katanga ya ce a hankali, "Kulu, me kika ji?" In ce, "Fambel ne, ya saki." Ya ce, "Ni ma haka na ce." Ƙarya yake, Allah ya jiƙansa, bai ce ba.

Akwai aikinsa guda da na tsana. In yana neman inda salansa ke yoyo, sai ya cusa tsumma a bakinta, a ta da inji, ya kwanta ƙarƙashi yana saurare. Ƙarar takan canza, ta koma can ciki, kamar mai tari an danne masa filo a fuska. Kafin ya yi wannan sai ya kori kowa daga cikin motar, har mai ita, ko da ruwa ake tsugawa. Yakan ce hayaƙin da aka hana fita ta baya ciki yake dawowa, kuma mai kisan ba shi ne baƙin nan mai wari ba.

Ga abin da ya ƙara ɗaure ni a New York: surukin nan sunan Malam gare shi, sak. Sunan da bai taɓa fita daga bakina ba tun ranar da aka kai ni ɗakina. Ga kunyar surukuta, ga wannan a kai. Saboda haka tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, shi ya durƙusa daga bakin ƙofa, ni in amsa ina kallon bango. Sauran magana duk ta bakin Auta take bi, ko da mu uku ne a mota, gwiwata na taɓa bayan kujerarsa.

Masaukina unguwar Bronx ce, kan wani dogon titi da ake kira Grand Concourse, hawa na biyar. Wankan jego ya kawo ni, don Auta ba ta da kowa nata a can. Kwana uku da zuwana na kunna turaren wuta, wani abu a rufin ɗaki ya fasa ihu, maƙwabta suka fito da rigunan barci. Daga ranar na daina taɓa abin da ban sani ba, wato komai. Ba mai sallama, ba maƙwabciyar da za ta leƙo aron turmi ta zauna har la'asar. Sai in tsaya a taga ina sauraron titi. Motar kwasar shara ce ƙawata. Ita kaɗai ke da inji mai faɗin gaskiya, dizal, da ɗan ƙwanƙwasa a ciki irin na motocin da ke kai auduga injin gurza a garinmu. In ta wuce sai in ji idona ya kawo ruwa. Ku dubi inda kewar gida ta kai ni: kuka don motar shara.

Shi kuwa aikinsa tasi, irin wadda ake kira ta waya, kuma yana ji da motar nan kamar ita ta raine shi. Da zafi, in ji shi, mai kaɗan take lasa. Amma da sanyi ya kama sai halinta ya fito. In an kunna hita dole injin ya farka, don shi ke ba da ɗumin, sai ya riƙa tashi a kai a kai yana shan mai. Wannan ke ƙona wa surukina rai. In ba fasinja sai ya kashe hitar. Mu kuwa ba fasinja ba ne. Ranar da muka kai Auta awo ina baya, zane uku, safa biyu, haƙorana na kaɗawa.

"Ki tambayi Mma ko yana jin sanyi."

"Ki ce masa lafiya lau, Allah ya yi albarka."

"Inna, leɓenki fa ya bushe."

"Na ce lafiya lau."

Ya kuwa yarda! Wane irin mutum ne zai yarda da "lafiya lau" ɗin suruka?

Ƙanƙarar farko ta same mu a hanyar Port Richmond, can wani tsibiri sai an haye doguwar gada. Gwaggonsa ke zaune a can, kuma dole a kai ni mu gaisa kafin haihuwa. Sati guda kafin nan ya sayo tayoyi wajen wani mutum a bayan wani gareji, wai ɗan uwa ne, Hausa zaƙwai a bakinsa, ya rantse masa na ƙanƙara ne. Tun ranar da aka sa su na ji kukansu a kwalta. Sabuwar taya mai haƙora gurnani take yi ƙasa-ƙasa. Waɗannan shuuu suke yi kamar ana jan tsohon silifa a siminti. Na gaya wa Auta. Ta ce, "Inna, nan fa ba Funtuwa ba ce." Ba ta isar ba. Wahalar magana ta bakin wani ke nan, shi ke zaɓar wadda zai kai da wadda zai haɗiye.

Muna kan gadar ƙanƙarar ta fara saukowa, fara tas, kamar audugar da iska ke kwasowa daga injin gurza. Na ce Allah mai iko. Sha'awar ba ta wuce minti biyar ba. Unguwar gwaggon tudu ce, muna rabin hawa motar ta tsaya. Ya taka totur. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi gurnani ba, sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ke ƙyafta masa ido. Motar gida in ta kafe a laka takan yi kururuwa, ta watsa taɓo, kowa ya san tana ƙoƙari. Wannan da ta ji taya ta zame sai ta janye ƙarfinta da kanta, wai tana kare lafiyarta. Ya ƙara takawa, ta ƙara ƙi. Sai ga mu muna komawa baya a hankali.

"Auta, ki gaya masa ya sa giya biyu."

"Inna, ba ta da giya biyu."

"To ta ɗaya."

"Ba ta da ita."

"Wai mota ce ko firji?"

Matar nan mai nuna hanya da ke magana a cikin wayarsa kuma tana ta faɗin a ci gaba, a karya dama, hankalinta kwance, ita ba ta cikin motar. Ya taka birki, na ji birkin ya saki na numfashi ɗaya, sannan ya kama yana gir-gir-gir a ƙarƙashin ƙafarmu. Na karanto duk abin da na iya. Muka je muka jingina da tarin ƙanƙara a ƙofar wani kanti.

Mai kantin, wani mutumin Meksiko mai ƙaton gashin baki, ya fito da buhun yashi. Ya tsuguna, ya goga babban yatsansa a jikin tayar, ya girgiza kai, ya faɗa wa surukina wata magana da Turanci. Auta ba ta fassara mini ba, ni ma ban nema ba, na ga yadda surukina ya sunkuyar da kai. Mutumin ya zuba yashi gaban tayoyin, ya riƙa nuna masa da tafin hannu, a hankali, a hankali. Matarsa kuwa ta leƙo ta ga tsohuwa na rawar sanyi a baya, ta koma ta kawo mini wani abu mai zafi a kofi. Na kurɓa, wallahi kunun masara ne, da kirfa a ciki. Ta kama hannuwana biyu ta naɗe su a jikin kofin, ta riƙe. Na ce Allah ya saka da alheri. Ta faɗi nata da yarensu, na tabbata abu ɗaya muka faɗa.

Mai tayoyin, ɗan uwan nan, wayarsa a kashe har yau. A garejin aka ce ba a ma san shi ba. Surukina ya je shago na sosai ya sa na gaskiya. Ranar da na shiga na ji gurnaninsu, na ce yauwa a zuciyata. Auta ba ta gaya masa na faɗa tun farko ba. Ni kuma ta ina zan gaya masa?

Ranar wata Lahadi Auta ta sauka, mace, an yi mata ɗinki. Da za a sallame su, aka ce idon jaririyar ya ɗan yi ɗorawa, shawara ce, a dawo da ita safiyar Alhamis a auna jini. Aka ja mana kunne kada a fasa, don in ta hau tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta taɓa ba ya dawowa. A gida da hantsi za a shanya yarinya a rana. Nan ina ranar? Ranar Laraba na kwance ta zan yi mata wanka na ga ɗorawar ta sauko har ƙirji, ga shi ta yi sanyi da kama nono. Ranar Larabar nan kuma sama ta buɗe, tun safe ake zubo ƙanƙara ba tsayawa.

Safiyar Alhamis gari ya yi tsit. Motocin da ke jere a layi sun koma kamar rumbuna farare, sai mai mota ya san tasa. Motar share titi ta bi ta tura musu ganuwa a gefe. Lif ɗin gidan kuma ranar ya ga damar lalacewa. Auta ta sauko hawa biyar da ɗinkinta, taka ɗaya hutu ɗaya, ba maganar ta sake hawa. Zauren ƙasa gilashin ƙofarsa a fashe, iska na shigowa kamar wuƙa. Sai surukina ya haƙe ƙofofin motar na gefen da muke, ya sa Auta a gaba, ni da jaririya a baya. Ita an ɗaure ta a wani kwando da igiyoyi, wai doka ce, kamar kazar da za a kai kasuwa, ga bayana a banza, ga zanen goyo na taho da shi tun daga Funtuwa. Ya danna maɓalli, ya murɗa hita har ƙarshe. Ranar farko ke nan da na ji ɗumin motar nan.

"Ki faɗa ma Mma minti goma."

Ya rufe mu, ya ja hular rigarsa ya rufe kunne, ya zagaya gaba da shebur.

Ba a jima ba injin ya farka. Fiye da wata guda ina sauraron sa, na san muryarsa: ɗan tari ɗaya, sai gurnani siriri mai jela a baya. Yau babu jelar. Ƙarar ta koma ciki, tana bugawa a ƙarƙashin tafin ƙafata. Na waiga, gilashin baya a rufe ruf da ƙanƙara. Na sake kasa kunne. Filo a fuska.

"Auta, kin ji?"

"Me?"

"Salansa a toshe take. Kira maigidanki."

"Inna, don Allah. Wannan ba irin motocin Baba ba ce. Da batir take aiki, ba ta hayaƙi."

"Wannan da ke gurnani batir ne?"

"Zai mutu yanzu da kansa."

Ya kuwa mutu. Shiru. Sai na ji kunya ta kama ni. Na ce Kulu, ke da ko maɓallin gilashi ba ki sani ba, ki kama bakinki, mutane sun yi shekaru a ƙasarsu. Na gyara wa jaririya bargo. Can sai ya sake farkawa, wannan karon bai koma ba, sanyin ya yi yawa, hita na neman ɗumi. Ina ji yana tarin nan nasa na cikin filo. Auta ta jingina kai da gilashi.

"Kaina na sarawa. Rashin barci ne."

Ni ma na ji gefen kaina ya yi nauyi, zuciyata na tashi. Ba wari, ba komai, motar ƙamshin sabulun jarirai kawai take yi. Abin da Malam ke faɗa ke nan. Na duba kwando. Yarinyar da tun a bene take ɗan kukanta na mage ta yi shiru.

"Auta, sauke gilashi."

"Sanyi zai... kama ta, Inna." Maganar na ja kamar kaset ya ci batir.

Na lalubi abin murɗa gilashi, babu, maɓallai ne jere. Na tura ƙofa da kafaɗa ta buɗe, iska ta mare ni. Na juyo kan igiyoyin kwandon, na ja nan, na danna can, sun ƙi. Ban san yadda ake kashe motar ba. Auta ba ta ɗago ba. Shi kuma yana can gaba, ya ba mu baya, kunne a rufe, shebur na ƙara, motar share titi na wucewa a ɗaya hannun.

Na sa ƙafa a ƙanƙara har gwiwa. "Kai! Bawan Allah!" Bai juyo ba. "Maigidan Auta!" Layin cike da maza masu shebur, kowa bawan Allah ne, ba wanda ya waiwayo.

Sai na kira sunan.

Ba zan rubuta shi a nan ba, sau ɗaya ya isa. Amma na kira shi da muryar da ban san ina da ita ba, har wani Bature a ƙetaren titi ya miƙe tsaye. Shebur ya faɗi daga hannun surukina. Ya juyo, muka haɗa ido, karo na farko tun da ya auri 'yata. Ashe wushirya gare shi.

"Kashe motar nan! Fito da 'yarka! Salansa ta toshe!"

"Mma, ai batir ne..."

"Batir ɗin gidanku! Kashe ta na ce!"

Ya yi tsalle ɗaya ya danna maɓallin. Bai tsaya kwance igiya ba, kwandon gaba ɗaya ya ciro. Sanyi na dukan fuskar yarinyar ta tsandara kuka. Na sha jin inji ya tashi bayan Malam ya kwana uku a kansa, amma ban taɓa jin ƙarar da ta kai wannan daɗi ba. Muka jawo Auta waje, ta durƙusa ta yi amai a kan ƙanƙara, sannan ta fara tambayar ina 'yarta. Shi ya zagaya baya ya riƙa tona da hannu. Ga bakin salansar can ƙasa, ƙanƙara ta cushe shi, ta narke ta sake daskarewa, ta yi baƙi. Ya daɗe a durƙushe a wurin yana kallon sa.

Ni ce na ce masa, kai tsaye, "Tashi. Asibiti na jiran mu."

Ya share bayan tas, ya sauke gilasai huɗu, muka naɗe yarinya da bargo biyu da zanen goyona. Wajen fita daga ramin da ya haƙa, tsoro ya sa ƙafarsa ta yi nauyi, motar ta fara halin nan nata na Port Richmond, fitila na ƙyaftawa, ƙarfi na janyewa. To bakin da ya riga ya buɗe, ban ga dalilin rufe shi ba tukuna.

"Ɗaga ƙafarka. Ɗaga na ce. Tayar dama na zamewa, ina ji. Lallaɓa ta. Yauwa, ta kama. Kada ka ƙara."

"To, Mma."

"Kwanar can, tun daga nan za ka fara birki, ba sai ka isa ba."

"To, Mma."

Auta daga gaba, da ƙyar take buɗe ido, amma ta samu bakin cewa, "Yau an kore ni daga aiki ke nan."

Zan faɗi gaskiya ko da ba na son motar. Da tayoyin kirki da ƙafa mai laushi, tafiya ta yi kamar mace ɗauke da tulu cike da ruwa, sannu sannu, ko ɗigo bai zuba ba. Mun wuce wata ƙatuwar jif tana ta kururuwa tana juya tayoyi a wuri ɗaya. Ban yabe ta a fili ba, kada ta ji.

A asibiti wata nas ta ji muna Hausa ta matso. 'Yar Kafanchan ce, da ɗan kuros a wuyanta. "Mama, sannunku. Daga ina?" Na ce Funtuwa, sai na ji kamar na ga 'yar ɗakinmu. Da ta ji abin da ya faru ba ta bari an ƙarasa ba, ta kira likita, aka ɗebi jininmu, aka sa mana robar iska a hanci mu uku, ni da Auta da yarinya.

"Wa ya gane salansar ta toshe?"

Surukina ya nuna ni da hannu biyu, kansa a ƙasa. "Mma ne. Da kunne ya ji."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai kuma direban, naka kunnen na ado ne? Ka gode wa Allah ka gode wa Mama. Ba duk wanda wannan ya kama ke shigowa nan da ƙafarsa ba."

Hayaƙin bai yi mana illa ba, an fito da mu da wuri. Shawarar kuwa ta hau. Aka kwantar da yarinya ƙarƙashin wata fitila shuɗiya, an rufe mata ido da ɗan ƙyalle, kwana biyu. Likita ya ce mun zo a kan lokaci. Nas ɗin nan kullum sai ta kawo mini shayi ta zauna minti biyu mu yi hirar doya da dawa. Ranar Asabar muka koma gida, idon yarinya fari tas.

Na ɗauka daga nan shi ke nan, an saba. Ina! Ranar Lahadi da safe ya dawo daga masallaci, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar ba shi na zaga a tsakiyar titi ba.

"Ki faɗa ma Mma an raɗa suna."

Ni ma na juya wajen bango. "Ki tambaye shi wane suna."

Ya sosa ƙeya, ya dubi matarsa, ya dubi ƙasa. Auta ta fara dariya tana riƙe ciki saboda ɗinki.

"Ba zai iya faɗa ba, Inna. Naki ne."

Hauwa'u. Na ce madalla, shi ma ya ɗanɗana. 'Yarsa ta cikinsa, har ya tsufa sai dai ya ce "Mma ƙarama".

Bayan an yi arba'in na haɗa kayana. Ƙanƙara ta narke ta koma taɓo mai gishiri. Auta da takwarata suna baya tare da ni, duk sun yi barci tun ba mu bar Bronx ba. A wata danja motar ta mutu kamar yadda ta saba, har yau ban yarda hutawa take yi ba. Cikin shirun nan, bai waiwayo ba, ya rage murya kamar mai magana ta bayan katanga.

"Mma, me ka ji?"

Na dubi Auta, ina iya taɓa ta in ce ta gaya masa. Ban taɓa ta ba.

"Birkin baya, na hagu, yana ɗan kuka. Gishirin titin nan ne ya ci shi. Ka kai a duba."

Ya gyaɗa kai. "Ni ma haka na ce."

Ƙarya yake, bai ce ba. Na ja mayafina na juya wajen taga don kada ya ga fuskata a madubi. Halin nan na Malam ashe a sunan yake.